Ƙanƙara a cikin murfin amya a hunturun Kanada: in huda ne ko in lulluɓe?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a wajen birnin Winnipeg da ke Kanada, kuma ina kiwon ƙudan zuma a akwati biyu a bayan gida. Bara ɗaya ta mutu. Da na buɗe a watan Afrilu na tarar saƙar ta yi fumfuna, matattun ƙudan sun jiƙe sun cushe a ƙasa suna wari. Na sake sayen wata. To bana ma, yanzu a Janairu, na ɗaga murfi sai na ga ƙanƙara ta lulluɓe cikinsa fari fat, kusurwoyin kuma a jiƙe. Wani maƙwabcina ya ce in huda rami a sama iska ta riƙa fita, wani kuma ya ce kada in kuskura, in toshe ko'ina in lulluɓe. A gida mahaifina yana da amya a kan bishiya, ban taɓa jin ya yi kukan danshi da hunturu ba. Daga ina ruwan nan yake fitowa, kuma maganar wa zan bi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya sa albarka a kiwon. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: asalin ruwan da kake gani, ko shi ne ya kashe maka amyar bara, da kuma abin da za ka yi wa waɗannan biyun kafin sanyi ya wuce. Ni ma a irin wannan yanki na filayen yammacin Kanada nake kiwon, inda sanyi ke da tsanani amma iska a bushe take, don haka abin da zan faɗa maka ya fi dacewa da irin wurinku. Maƙwabtan nan naka kowannensu ya riƙe wani ɓangare na gaskiya, kuma kowanne akwai manyan masu kiwo da suke bin hanyarsa suna fita hunturu lafiya. Amma kafin a zo kan rami, akwai abin da ya riga shi: saman akwatinka ya yi sanyi da yawa. Shi ne abin gyara na farko.

Ruwan daga jikinsu yake

Ba ruwan sama ba ne ya yoyo, ba kuma dusar ƙanƙara ce ta shiga ba, in dai murfinka lafiya yake. Ƙudan ne da kansu suke fitar da shi. Da zarar sanyi ya sauko wajen digiri 14 a ma'aunin Selshiyas, sai su fara matsowa kusa da juna su yi dunƙule a kan saƙa. Na tsakiya suna karkaɗa naman fukafukansu ba tare da sun kaɗa fukafukan ba, wannan motsin shi ke ba da zafi. Na gefe kuma su cusa kawunansu ciki su matse su zama bargo. Tsakiyar dunƙulen yakan wuce digiri 20 ko da babu 'ya'ya, in kuwa sarauniya ta fara ƙwai sai sun riƙe shi a 34 zuwa 35. Na bakin gefe ba sa barin jikinsu ya sauka ƙasa da wajen digiri 8 zuwa 10, domin ƙasa da haka ƙuda yakan sandare ya kasa motsi.

Man da ke tafiyar da wannan aikin zuma ce. Ita kuwa zuma dama kusan kashi 18 cikin 100 nata ruwa ne. Sauran sukari ne, kuma idan jiki ya ƙona sukari, kowane giram ɗaya yana haifar da ruwa kusan giram 0.6. Idan ka haɗa biyun, kilo ɗaya na zuma yana komawa ruwa kusan kashi biyu cikin uku na lita. Amyar da ta cinye kilo 30 daga Oktoba zuwa Afrilu ta numfasa ruwa kusan lita 20 ke nan, jarka guda cur, a cikin akwatin da bai kai tsayin ƙugunka ba. Kuma ba daidai ake rarraba shi ba. A Nuwamba da Disamba ci kaɗan ne. Daga ƙarshen Fabrairu, lokacin da renon 'ya'ya ya kankama, cin yana ninkuwa, tururin ma haka. Wato abin da ka gani a Janairu somin taɓi ne.

Yanzu dubi ɗaya gefen. Iska mai ɗumi tana ɗaukar tururi da yawa, mai sanyi kaɗan take ɗauka. Mita ɗaya ta kowace fuska ta iska a digiri 20 tana iya riƙe ruwa giram 17. A sifili, kusan giram 5. A digiri 20 ƙasa da sifili, giram ɗaya ne kacal. Akwati biyu manya da aka ɗora ɗaya kan ɗaya ba su wuce lita 85 ba, don haka duk iskar da ke cikinsu da ƙyar take riƙe giram ɗaya na ruwa. Ƙudan kuwa in sun ci zuma giram 100 a yini, sun saki ruwa sama da giram 60. Ka ga dole ɗaya cikin biyu ya faru: ko iskar ta fita da shi waje, ko ya sauka ya zama ruwa a kan wani abu a cikin akwatin. A aikace duka biyun ne ke faruwa, kullum, a kowace amya mai rai.

A ina zai sauka? A kan duk abin da ya fi sanyi wanda iskar ta fara taɓawa. Iska mai ɗumi sama take yi, don haka murfi take fara samu. Ka san yadda murfin tukunya ke tara gumi ya ɗigo da shi cikin miya. Haka murfin amya yake yi in siriri ne. A ranakun da Winnipeg ke kai digiri 30 ƙasa da sifili, gumin ba ya samun damar ɗiga, daskarewa yake yi ya zama farar ƙanƙarar da ka gani, yau kaɗan gobe kaɗan. Ba a ranar tsananin sanyin ne haɗarin yake ba. Ranar da gari ya ɗan saki, rana ta bugi murfin, duk abin da ya taru na makonni sai ya narke ya zubo a kan dunƙulen, da dare kuma sanyi ya dawo ya same su a jiƙe. Gashin jikin ƙuda in ya jiƙe ya daina riƙe zafi. Busasshiyar amya mai abinci tana jure sanyin da zai ba ka mamaki, jiƙaƙƙiya kuwa dare ɗaya ya ishe ta.

Shi ya sa ban damu da jiƙar kusurwoyin da ka ambata ba kamar yadda na damu da murfin. Ruwan da ya taru a bango yana gangarawa ƙasa ya fita ta ƙofa, bai taɓa kowa ba. Hasali ma suna buƙatarsa. Zuma ta yi musu kauri, sai sun tsarma ta kafin su ciyar da tsutsotsi, wato 'ya'yansu, kuma a Janairu babu inda za su je ɗebo ruwa. A yankinku abin ya fi tsanani, saboda yawancin zumar Manitoba daga furen kanola take, ita kuwa zumar kanola saurin daskarewa gare ta a cikin saƙa, ta yi tauri. Sai da ruwa suke narkar da ita. Na sha ɗaga murfi a ƙarshen hunturu in tarar da ƙudan sun yi layi a gefen katako suna lasar ɗigon da ya taru. Amyar da aka busar ƙarƙaf tana iya zama da abinci a gabanta ta kasa ci, kuma za ka ga ƙudanta suna fita neman ruwa a ranar da bai kamata ba, suna faɗuwa a kan dusar ƙanƙara.

Game da amyar mahaifinka, ba abin mamaki ba ne. Hunturunmu na gida busasshe ne, iskar arewa tana tsotse duk wata laima, sanyin kuma ba ya tsare ƙudan zuma a ɗaki wata biyar. A can matsalar danshi ta damina ce. Sannan amyar ciyawa da aka shafe da kashin shanu, mai 'yar ƙaramar ƙofa ɗaya, ta fi akwatin katako siriri riƙe zafi nesa ba kusa ba.

Maganar maƙwabtanka biyu

Akwatin da kake amfani da shi ƙirar Lorenzo Langstroth ce, wani limamin coci ɗan Amurka da ya yi mata rajista a 1852. Ta sauƙaƙa cire saƙa da ɗiban zuma, amma kaurin bangonta bai kai santimita 2 ba. Gidan ƙudan zuma na asali a ƙasashen sanyi kogon bishiya ne. A 1976 Thomas Seeley da Roger Morse sun auna irin waɗannan kogunan a dazuzzukan da ke kewayen Ithaca a jihar New York, suka ga yawanci girman cikinsu wajen lita 40 zuwa 45 ne, ƙofar ƙarama ce kuma ta fi zama ta ƙasa, bangon ciki kuma ƙudan sun shafe shi da danƙon da suke ɗebowa daga itatuwa. Sama da kogon kuwa gangar bishiya ce, wani lokacin mita da yawa na itace. Wani mai bincike a Ingila, Derek Mitchell, ya buga sakamakon awonsa a 2016, inda ya nuna akwatunan katako na yau da kullum suna zubar da zafi ninki huɗu zuwa bakwai fiye da kogon bishiya. Ka riƙe wannan a ranka: mun ɗauke su daga gida mai rufi mai kauri mun sa su a gida mai rufin faranti.

Maƙwabcinka na farko yana kan tsohuwar hanyar Arewacin Amurka ne. Masu bincike a Madison ta jihar Wisconsin, irin su C. L. Farrar, sun daɗe suna koyar da cewa a shiga hunturu da amya mai yawan ƙuda da yawan zuma, a buɗe mata ƙaramar ƙofa a sama. A nan ne kuma Charles Owens ya cusa ma'aunan zafi barkatai a cikin amyoyi, rahotonsa na 1971 ya nuna dunƙulen kansa kawai yake ɗumamawa, 'yar tazara kaɗan daga gefensa sanyin ya kusa zama ɗaya da na waje. Daga nan mutane da yawa suka yanke cewa tunda ba ɗakin suke ɗumamawa ba, lulluɓi ɓata lokaci ne, a bar iska ta ratsa ta kwashe tururin. Hanyar tana aiki, babu musu. Kuɗinta shi ne iskar da ke fita da tururin tana fita da zafi, sanyi ya shigo ta ƙasa ya maye gurbinta. Sai ƙudan su ƙara cin zuma, ƙarin ci ya kawo ƙarin ruwa, ya kuma cika musu ciki da kashi a lokacin da ba su da halin fita su zubar. Babbar amya tana iya biyan wannan kuɗin. Ƙarama ba ta iyawa.

Na biyun yana kan hanyar da ta fi yawa a arewacin Turai, musamman Finland da maƙwabtanta, inda da yawa suke kiwo a akwatunan farin soso mai tauri. Su dabararsu ita ce a sa wa sama rufi mai kauri sosai, a toshe duk wata kafa ta can, a bar ƙofa a ƙasa kawai. Tunda saman ya fi ko'ina ɗumi, tururin ba ya sauka a kansa, sai ya zagaya ya gangara ya taru a bango da ƙasa. Akwai ma ɗan riba: duk tururin da ya koma ruwa yana sakin zafin da ya ɗauka, kuma a cikin akwatin yake sakinsa. Amma kalmar maƙwabcin naka ta "toshe ko'ina" tana da gyara. Ƙudan suna numfashi, suna buƙatar sabuwar iska, kuma in ƙofar ƙasa ita kaɗai ce, ranar da ta toshe an shiga uku. A wurinku kuwa tana toshewa. Dusar ƙanƙara mai laushi ba matsala ba ce, iska tana ratsa ta, har ma bargo ce. Abin tsoro shi ne ruwan da ya gangaro ya daskare a bakin ƙofa tare da gawarwakin ƙudan da ke mutuwa kullum, su haɗu su zama toshi mai tauri.

Ni ga inda na tsaya. Rufin sama wajibi ne ko wace hanya ka bi. Ƙofar sama kuma zaɓi ce da ta danganta da wuri, kuma a filayen Manitoba, inda dusar ƙanƙara ke binne ƙasan akwati wata da watanni, ina barin ta. Sai dai ƙarama ce, wadda ba ta wuce yatsa ɗaya ko biyu su shiga ba, a gaban akwati ɓangare ɗaya da ƙofar ƙasa, kuma a ƙarƙashin rufin. Haka yawancin masu kiwon sana'a na yankin da ke barin amyoyinsu a waje suke yi: su matse akwati huɗu a kan dandamali ɗaya, su naɗe su da baƙin bargo mai cusa, su ɗora matashi mai kauri a sama, kowace amya da 'yar ƙofarta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne rami a tsakiyar murfi, kai tsaye bisa kan dunƙulen, ko ɗaga murfi da ɗan tsinke a bar iska ta ratsa ta kowane gefe ba tare da wani rufi ba. Mafi muni kuma shi ne rabi da rabi ta baibai: a naɗe gefuna da kyau a bar murfin siriri. A haka ka mai da murfin wuri mafi sanyi a duk akwatin, ka tura masa duk ruwan da da zai rarrabu a bango. An gudu ba a tsira ba.

Abin da za ka yi a makon nan

Kada ka zaro firam, wato katakon da ke riƙe saƙa, ko ɗaya, kada ka raba akwatunan. Danƙon da suka liƙe haɗin da shi in ya tsage a wannan sanyin ba za su iya gyarawa ba. Ka zaɓi ranar da babu iska, da tsakar rana. Ka riga ka yanka allon soso mai tauri, irin wanda ake sa wa a bangon gidaje a nan, mai kaurin santimita 5, daidai da faɗin murfin ciki, wato siririn katakon da ke ƙarƙashin murfin waje. Allo ɗaya irin wannan yana tare zafi kusan ninki goma na katakon akwatinka, in ka sami biyu ka ɗora duka. Ɗaga murfin waje kawai, ka kai shi gefe ka kankare ƙanƙarar, don kada ta zube ciki. In murfin ciki yana da rami a tsakiya, rufe shi da ɗan falle na katako ko tef mai ƙarfi, saboda ƙudan suna gurgurar soso in sun same shi. Ɗora allon ya kwanta lif a kan katakon ba tare da rata ba, domin ta ratar nan sanyi zai lallaɓa ya shiga. Mai da murfin waje, ɗora dutse. Aikin bai kamata ya wuce minti biyu ba.

In murfin cikin naka yana da ɗan yanka a bakinsa, juya shi ya kalli ƙasa da gaba, ƙofar samanka ke nan, ba sai ka huda komai ba. In babu, ka haƙura da huda yanzu, girgizar na'ura tana tayar da dunƙule. Maimakon haka ka lanƙwasa waya mai kauri ka riƙa zura ta ta ƙofar ƙasa a hankali kana jawo gawarwakin, duk bayan mako biyu ko bayan kowane narkewa. Ka kuma sa ɗan katako a ƙarƙashin bayan akwatin ya ɗan rusuna gaba, yadda ruwa zai bi ya fita.

Bayan kwana biyu akwai yadda za ka gane ko ya yi. Zura tafin hannunka tsakanin soson da murfin ciki. Za ka ji wani wuri mai ɗumi, zagayayye, a bushe, nan dunƙulen yake a ƙasa, kuma ɗumin da da yake tserewa ne ya tsaya. Dubi kuma dusar ƙanƙarar da ke kan murfin waje. Amyar da ke zubar da zafi takan narkar da da'ira a tsakiyar murfinta, wadda rufinta ya yi kuwa tulin yana zaune yadda ya sauka. A bakin ƙofar sama za ka ga ƙanƙara ta yi tsinke-tsinke da safe. Wannan alama ce mai daɗi, numfashin masu rai ne.

Za ka ji ana maganar abubuwan tsotse danshi. Wanda ya fi inganci a cikinsu shi ne ɗan gajeren akwati da aka shimfiɗa wa buhun algarara ko raga a ƙasa, aka cika shi da sassaƙen katako kamar santimita 10, aka huda gefunansa ta sama aka sa raga. Asalinsa daga amyar wani limamin coci ne Bafaranshe, Émile Warré. Tururi yana ratsa sassaƙen, ya taru a saman-saman inda ya fi sanyi, iskar gefe ta busar da shi. In ka cusa hannu za ka ji sama da laima, ƙasa a bushe da ɗumi. Yana da kyau, musamman a wurare irin Vancouver inda hunturu ruwan sama ne da hazo, sanyin kuma bai kai naku ba. Sharaɗinsa a riƙa dubawa, don jiƙaƙƙen sassaƙe ba ya riƙe zafi. Busasshen sukari da ake zubawa a kan takarda bisa firam ma yana shan laima ya dunƙule, amma ni abincin gaggawa nake ɗaukarsa. Kilo biyu na sukari ba za su shanye lita 20 ba. Ruwan sukari kuwa kada ka ba su a hunturu ko kaɗan.

Kada ka yi sha'awar shigar da su gareji. Gaskiya ne manyan masu kiwo a Manitoba da Saskatchewan da Alberta da yawa suna kwasar amyoyinsu su kai ɗaki, amma ɗaki ne da aka riƙe a wajen digiri 5, cikin duhu ƙirin, da fankoki masu sauya iska dare da rana. Garejin da ke ɗumama da rana, ana kunna fitila ana tayar da mota, zai fito da su ne su mutu a taga.

Amyar da ta mutu bara

Nan ne nake son ka ɗan dakata kafin ka ɗora wa danshi laifi. Kusan kowace amya da ta mutu a hunturu, ko me ya kashe ta, in an buɗe ta a Afrilu a jiƙe ake samunta da fumfuna. Jikin ƙudan kansa ruwa ne, in sun mutu suna ruɓewa, babu mai ɗumama saƙar, babu mai share ta. Fumfuna sau da yawa bayan mutuwa take zuwa. Daga nan inda nake ba zan iya yanke maka hukunci a kan akwatin da ban gani ba, amma in saƙar tana nan ka duba ta. In ka ga ƙudan sun mutu kawunansu a cikin ramukan saƙa, kuma babu zuma kusa da su, yunwa ce. In ka ga tulin matattu da yawa, ga zuma cike a gefensu, saman firam ya yi baƙin tabon ruwa daidai bisa inda suke, to ɗiga ce. In kuwa ragowar dunƙulen bai wuce dunƙulen hannu ba, zuma na nan jibge, ga ramukan 'ya'ya a warwatse wasu an huda rufinsu, sai ka ɗaga saƙar ka juya ta rana ta haska cikin ramukan. Ƙananan fararen ɗigo manne a bangon rami kashin 'yar kaskar nan ce da ake kira Varroa.

Wannan na ukun shi ne ya fi yawa. Kaskar tana cin jikin tsutsotsi, tana yaɗa musu cututtuka, sai ƙudan da aka haifa a Agusta da Satumba, waɗanda su ne ya kamata su rayu har Afrilu, su fito da rauni su mutu da wuri. Dunƙulen yana raguwa har ya kasa ɗumama kansa, sai danshi ya zo ya ƙarasa. A hunturun 2021 zuwa 2022 ƙungiyar ƙwararrun masana kiwon zuma ta Kanada ta ba da rahoton asarar kashi 45.5 cikin 100 na amyoyin ƙasar, a Manitoba ma fiye da rabi, kuma babban abin da masu kiwo suka ambata shi ne kasa shawo kan Varroa. Waɗannan mutane ne da suka san lulluɓi sarai. Babu soson da zai ceci amyar da kaska ta riga ta cinye tun kaka.

Don baɗi

Yawancin aikin danshi a Agusta da Satumba ake yinsa. Da ka gama ɗiban zuma, ɗebi ƙudan rabin kofi, wajen 300 ke nan, ka girgiza su a ruwan sabulu ka ƙirga kaskar da ta faɗo. Uku a kowane ƙuda 100 ya isa a yi magani, da yawa ma ba sa jira ya kai haka. Ciyarwar kaka ka yi ta da ruwan sukari mai kauri, awo biyu na sukari a awo ɗaya na ruwa, ka gama ta cikin Satumba tun akwai ɗumin da za su busar da shi su rufe. Ruwan sukarin da aka bayar a makare yana zama a buɗe a saƙa, ya ƙara laima, wani lokacin ya yi tsami ya ba su gudawa. Cire duk akwatin da babu kowa a ciki, cire mazubin abinci, cire ragar tsare sarauniya. Amya mai rauni ka haɗa ta da wata maimakon ka shiga hunturu da biyu marasa ƙarfi.

Wurin ajiya ma yana da tasiri. Ɗaga su daga ƙasa, ka guji kwari inda sanyi da hazo ke kwanciya, ƙofa ta kalli kudu, a sami shinge ko itatuwa ta arewa da yamma. Sa ragar hana ɓera kafin sanyi ya kama. In za ka naɗe gefuna, ka tabbata na sama ya fi na gefe kauri, kuma kada ka naɗe da leda zalla ka ɗaure, tana tare ruwa tsakaninta da katako har ya ruɓe. Ƙungiyar masu kiwon zuma ta Red River tana nan Winnipeg, ka nemi zuwa taronsu ka ga yadda na kusa da kai suke naɗe nasu, don unguwa da unguwa ma iska takan bambanta.

Kada ka yi gaggawar cire rufin da ganin rana ta fara zafi. Maris da Afrilu ne lokacin da suke renon 'ya'ya da ƙuda mafi ƙaranci, dare kuma har yanzu yana daskarewa. Na gefe ina cire shi in dare ya daina sauka ƙasa da sifili, na sama kuwa ina barinsa duk shekara, yana tare zafin rana a Yuli. Saƙar da ta yi 'yar fumfuna ba sai ka zubar ba. Ka shanya ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, ka goge abin da ya gogu, ka ba amya mai ƙarfi ɗaya-ɗaya ko biyu-biyu su share. Wadda ta yi baƙi ta ruɓe, ko wadda ke da matattun tsutsotsi masu wari da yauƙi, kada ka sa ta a wata amya sai jami'in kula da kiwon zuma na lardin ya duba ta.